Kada Kazaure ta Zama Baro

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya je Baro a Jihar Neja, ya buɗe tashar jiragen ruwa a bakin Kogin Neja. Aka yi jawabai, aka yanka ƙyalle, aka watse. Shekaru suka shuɗe babu jirgin da ke lodi. Hanyar motar da za ta kai kaya wurin ba a gama ta ba, layin dogon da ya haɗa Baro da Kano tun 1911 ya daɗe da mutuwa, kogin kuma yana jiran yasa. Tashar ta Gwamnatin Tarayya ce, a hannun hukumar NIWA. Mutanen Baro suna kallonta safe da yamma, amma mukullin ba ya hannunsu. Mai mukullin kuwa, ko tashar ta yi aiki ko ta kwana a rufe, albashinsa zai shiga ƙarshen wata.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Yankwashi da tashar jiragen ruwa, mu da ba mu da teku? Ai yanzu tasha ba ta buƙatar ruwa. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, ta Dala a Zawachiki a 2023, ta Funtua a 2024, inda kwastam ke duba kwantena a rufe ta kafin ta nufi Legas. Ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, zai ratsa Dambatta da Kazaure da Daura. Ranar da jirgi ya fara tsayawa a Kazaure, riɗin Gwiwa da zoɓorodon Babura da dabbobin Roni duk a nan za su taru. Wa zai mallaki filin lodin da rumbunan ajiyar? Tambayar ke nan, kuma tun ran gini ran zane.

Matsayinmu a fili yake. Abuja ta riƙe kwastam da tsaron iyaka da ƙa'idojin aiki, wannan haƙƙinta ne. Amma fili da rumbuna da sikeli da kuɗin lodi su zama na mutanen yankin: gwamnatin Jigawa, ƙananan hukumomin nan biyar, ƙungiyoyin manoma da fatake, kowa da kasonsa a rubuce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dillalin da riɗinsa zai jiƙe in rufin rumbu ya fashe ba zai jira takarda daga Abuja kafin ya kira kafinta ba.

Ba baƙon abu muke nema ba. Jihar Legas tana da kashi 20 cikin ɗari a tashar Lekki. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ƙofa a buɗe take, mu ne muka tsaya a zaure.

Mun san abin da za a ce: a karɓe daga Abuja a ba gwamna, gobe a wayi gari ta zama ta 'ya'yansa da surukansa. Tsoron nan na gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Shi ya sa muke cewa doka ta hana sayar da kason jama'a sai da yardar Majalisar Dokokin Jiha a bainar mutane, a riƙa karanta sunayen masu hannun jari da lissafin shekara a rediyo, da Hausa. Ɓarawon gida kana iya tare shi a masallacin Juma'a ka tambaye shi. Na Abuja ko fuskarsa ba ka sani ba.

Saboda haka duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a, kafin ya sauke buhun shinkafa mu tambaye shi: nawa ne kasonmu a tashar Kazaure, kuma a wace takarda aka rubuta? In muka yi shiru, jirgi zai riƙa wucewa da amfanin gonakinmu, 'ya'yanmu na bakin tasha suna tallan ruwa.