Abincin Koriya Na Mamaye Duniya: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Kai Loma

A watan Yunin 2024, hukumar kula da abinci ta ƙasar Denmak ta ba da umarnin kwashe nau'i uku na taliyar Buldak daga shaguna. Kamfanin Samyang na Koriya ta Kudu ne ke yin ta, kuma hukumar ta ce zafin barkonon da ke cikinta zai iya yi wa mutum illa, musamman yara. Bayan 'yan makonni aka sake gwaji, aka mayar da nau'i biyu kasuwa. Wannan bai rage wa taliyar farin jini ba. A shekarar ce ma kuɗin taliyar leda da Koriya ta Kudu ta sayar a ƙasashen waje ya haura dala biliyan ɗaya a karon farko.

Idan kana kallon fina-finan Koriya ko kana leƙa TikTok, ba mamaki ka ga wannan taliya, ko jan kabejin nan da ake kira kimchi. Wata matashiya ta taɓa tambaya ta a asibiti: "Likita, an ce abincin Koriya ne ya sa ba su da ƙiba. In koma cin taliyarsu?" Tambayar ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba, wato abincin da Bakoriye ke ci a gidansa da kuma wanda ya fi tsallaka teku zuwa ga sauran duniya.

Yadda aka yi ya yaɗu

Farin jinin nan yana da tushe. A 2009 gwamnatin Shugaba Lee Myung-bak ta ƙaddamar da shiri na musamman na tallata abincin ƙasar a duniya. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya kimjang, al'adar taruwar dangi da maƙwabta don haɗa kimchin da za a ci a lokacin hunturu, cikin jerin al'adun da duniya ta gada. A 2024 ta ƙara da sana'ar haɗa jang, wato kayan miyar da ake tsimawa daga waken suya.

Sai dai fim da waƙa sun fi gwamnati aiki. Fim ɗin Parasite, wanda ya lashe babbar kyautar Oscar a 2020, ya sa mutane neman irin haɗin taliyar da aka dafa a cikinsa. Squid Game na Netflix ya yi wa alawar dalgona haka a 2021. A shekarar ce kuma ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 26 masu alaƙa da Koriya, da dama daga cikinsu sunayen abinci ne, irin su bulgogi da kimbap. A 2023 daskararren kimbap ya ƙare ƙaf a shagunan Trader Joe's na Amurka bayan wani bidiyo ya zaga TikTok. Ga kuma mukbang, bidiyon da mutum ke zama gaban kyamara yana narkar abinci mai yawa, jama'a na kallo. Ko a Najeriya, akwai cibiyar al'adun Koriya a Abuja tun 2010, kuma matasa da yawa sun fara sanin abincin ne ta fina-finai.

Abin da ke kan teburin gida

Abincin gida na gargajiya a Koriya shi ne ƙaramin kwanon shinkafa, da romo, da ƙananan faranti masu yawa da ake kira banchan. A ciki za ka tarar da alayyafo, tsiron wake, ganyen teku, awara, kifi da kimchi. Nama kaɗan ne, mai ma kaɗan ne, kuma galibi dafawa ake yi ko turarawa. Wannan tsari ne kowane likita zai yaba, kuma Koriya ta Kudu da Japan na cikin ƙasashe masu arziki da suka fi ƙarancin masu matsananciyar ƙiba.

Shi kimchi kabeji ne da ake jiƙawa da gishiri, a cuɗe shi da barkono, tafarnuwa, citta da romon kifi ko jatan lande, a bar shi ya tsimu. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo, su ne ke ba shi tsami. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Dangin bakteriyar da ke tsima kalwa ta zama daddawa su ne ke tsima waken suya a Koriya.

Shin tsimammen abinci na da amfani? Akwai alamar haka. A wani bincike da masana na jami'ar Stanford suka wallafa a 2021, an raba mutum 36 gida biyu. Waɗanda suka ƙara cin tsimammen abinci irin su yogot da kimchi na tsawon mako goma sun samu ƙaruwar ire-iren bakteriyar hanji, kuma alamomin kumburi a jininsu sun ragu. Amma ka lura, mutanen kaɗan ne, masu lafiya ne, kuma ba kimchi kaɗai suka ci ba. Bai nuna cewa kimchi na warkar da ciwon suga ko narkar da teɓa ba. Sannan idan aka dafa shi a miya, zafin wuta na kashe ƙwayoyin.

Gishiri: matsalar da su kansu suka sani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kwatankwacin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, wato miligiram 2,000 na sinadarin sodiyam. A wajajen 2010, abin da Bakoriye ke ci a yini ya kai kusan miligiram 4,800. Daga kimchi, romo, taliya da kayan miyar waken suya mafi yawansa ke fitowa.

Yawan gishiri na haifar da hawan jini, shi kuma hawan jini na kai wa ga shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya da ciwon ƙoda. Akwai kuma ciwon dajin tumbi, wanda Koriya ta Kudu na cikin ƙasashen da ya fi yawa a duniya. Babban mai laifi a nan ƙwayar cutar H. pylori ce, wadda ke haddasa gyambon ciki, amma abincin da aka adana da gishiri na lahanta fatar cikin tumbi, ya buɗe wa cutar ƙofa. Shi ya sa gwamnatinsu ke kiran duk wanda ya kai shekara 40 ya zo a duba tumbinsa duk bayan shekara biyu, galibi da siririyar kyamarar da ake zurawa ta baki.

Ba su naɗe hannu ba. A 2012 suka fara shirin ƙasa na rage gishiri, inda aka jawo kamfanonin abinci, gidajen cin abinci da makarantu. A 'yan shekarun nan adadin ya sauko zuwa miligiram 3,000 da ɗan ɗoriya. Ci gaba ne babba, amma har yanzu ya fi abin da ake so da kusan rabi. Ka ga ke nan, masu abincin suna ƙoƙarin gyara shi a daidai lokacin da sauran duniya ke rububinsa.

Abin da ya fi tsallaka teku

Ganye da ƙananan faranti goma ba sa shiga kwantena cikin sauƙi. Abin da ke tafiya nesa shi ne abin da ba ya lalacewa, kuma yake ɗaukar ido a bidiyo: taliyar leda, soyayyar kaza da aka lulluɓe da miya mai suga, gasasshen nama, da tteokbokki, wato curin shinkafa a jar miya mai zaƙi da yaji.

Leda ɗaya ta taliyar Koriya kan ƙunshi sodiyam kimanin miligiram 1,500 zuwa 1,800, kusan rabonka na yini guda a zama ɗaya. Galibi kuma an soya taliyar da mai kafin a busar da ita. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan 'yan Koriya sama da 10,000 ya gano cewa matan da ke cin taliyar leda sau biyu ko fiye a mako sun fi samun haɗuwar teɓa, hawan jini, da hauhawar suga da kitse a jini. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa taliyar ce kaɗai sanadi, amma ya isa ya zama jan kunne.

Barkono kuwa ba ya haddasa gyambon ciki kamar yadda ake yawan faɗa. Abin da yake yi shi ne tayar da ƙwannafi da ciwon ciki ga wanda dama yake da matsalar. Gasar cin taliya mai tsananin yaji da ake yi a intanet kan jawo amai, murɗawar ciki da gudawa, kuma yara sun fi shiga haɗari. Shi ma naman da aka gasa har ya babbake yana ɗauke da sinadaran da ake alaƙantawa da ciwon daji, ko a Seoul aka gasa shi ko a wurin mai tsire.

To, yaya za ka yi?

Idan ka shiga gidan abincin Koriya, nemi bibimbap, wato shinkafa da ganyayyaki da ƙwai, ka rage jar miyar da ake zubawa a kai. Gasasshen kifi, awara da faranti masu ganye zaɓi ne mai kyau. Ɗauki kimchi a matsayin mahaɗi, cokali biyu ko uku.

Idan taliyar leda ce, zuba rabin garin ɗanɗanon da ke ciki, kada ka shanye romon, ka ƙara kabeji, karas da ƙwai. Kada ta zama abincin kullum. Wannan ya shafi duk wata taliyar leda, har wadda aka saba da ita a gidajenmu. Ka riƙa duba bayan leda ka ga adadin sodiyam.

Idan kana da hawan jini, ciwon ƙoda ko ciwon zuciya, yi magana da likitanka kafin ka mayar da waɗannan abinci jiki. Wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande, kifi, riɗi, waken suya ko alkama ya yi tambaya kafin ya ci, domin suna ɓoye a cikin miya. Haka nan naman alade ya yawaita a girkin Koriya, kuma ana sa giyar girki a wasu miyar, don haka Musulmi ya tambaya ko ya duba tambarin halal.

Mai son haɗa kimchi a gida ya kula da tsabtar hannu, ruwa da mazubi. A watan Yulin 2024 kimanin mutum 1,000 suka kamu da amai da gudawa a garin Namwon na Koriya, aka danganta abin da gurɓataccen kimchi da aka raba a makarantu. A wuri mai zafi yana tsimuwa da sauri, sai a sa shi a firji da zarar ya fara tsami.

Ita kuwa matashiyar nan, na ce mata ta ci taliyar jifa-jifa idan tana sha'awa. Idan kuma ƙibar take son ragewa, ta kwaikwayi teburin gidan Koriyawa da abin da ke kasuwar unguwarsu: ta rage tuwo ko shinkafa, ta cika rabin faranti da zogale, alayyafo ko kabeji, ta riƙe kindirmo marar suga, ta kuma rage dunƙule a miya ta bar daddawa ta yi aikinta. Kafin ta tafi na auna jininta, domin hawan jini kan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba. Kai ma idan ka daɗe ba ka auna naka ba, ka je asibiti mafi kusa a duba maka.