Tsohuwar DSLR Ko Sabuwar Mirrorless: Wacce Ya Kamata Ka Saya?



Yau ba maganar waya za mu yi ba, duk da cewa daga waya maganar ta taso. A 'yan kwanakin nan kusan kullum sai wani ya tsaya a shagona, ko ya turo min saƙo, da tambaya iri ɗaya: "Injiniya, na gaji da ɗaukar hoto da waya, ina so in sayi kyamara in fara neman na kaina. DSLR ta hannu zan saya, ko in ƙara haƙuri in tara kuɗin sabuwar mirrorless?"

Amsata a taƙaice ita ce: idan hoto za ka yi, kuma kuɗinka a ƙirge suke, nemi DSLR ta hannu mai lafiya, ragowar kuɗin ka zuba su a lens da filash. Idan kuma bidiyo ne abincinka, to mirrorless. Bari in kawo maka dalilaina don kar ka ce son rai ne.

ABIN DA YA SA NA YI WANNAN RUBUTU

Akwai wani ƙanin abokina, yaro mai hazaƙa, wata goma yana zubin adashi. Da ya kwasa sai ya haɗa da kuɗin wayarsa da ya sayar, ya sayo sabuwar mirrorless dal a kwali. Ko sisi bai rage ba. Batir ɗaya, lens ɗin da ta zo da shi, babu filash. Aikin farko da ya samu dinar biki ce da daddare. Wurin taron ba shi da wadataccen haske, hotuna suka fito da duhu da dishi-dishi, kuma kafin a yanka kek batir ya mutu. Dangin amarya suka ƙi cika masa kuɗinsa. Washegari ya kawo min ita ido jajur, wai in duba ko ta lalace ne. Na duba, na ce masa: "Ƙanena, lafiyarta ƙalau. Doki ka saya, ba ka bar kuɗin sirdi da linzami ba."

MENENE BAMBANCINSU?

A cikin DSLR akwai ɗan madubi da yake karɓar haske daga lens, wato gilashin gaban kyamara, ya tura shi sama zuwa ramin da kake sa ido. Idan ka danna, madubin ya ɗaga, haske ya faɗa kan sensa, shi ne wannan ƙarar "ƙaras" da kake ji. Ita kuwa mirrorless, ma'anar sunan ma marar madubi. Haske kai tsaye yake zuwa kan sensa, ita kuma ta nuna maka a sikirin, kamar dai yadda wayarka take yi.

To ga abin da masu talla ba sa faɗa maka. Madubin nan ba shi ne yake yin hoto ba, sensa da lens ne. Nikon D3500, DSLR ce ta shekarar 2018, megafiksel 24 gare ta. Sony ZV-E10 ta 2021 da Canon R50 ta 2023, duka mirrorless ne, su ma 24 ɗin ne. Kuma dukkansu sensa mai girman APS-C suke ɗauke da shi, wanda faɗinsa ya ninka na yawancin ƙananan wayoyinmu fiye da sau 10. Shi ya sa tsohuwar kyamara mai 18 take kayar da wayar da aka rubuta wa 108 a kwali. Ka ɗauki amarya da D3500, ka sake ɗaukar ta da R50, lens iri ɗaya, haske iri ɗaya, wallahi uwar amarya ba za ta gane wanne ne wanne ba.

INDA DSLR TA FI DACEWA DA MU

1. Batir. A ma'aunin kamfani, D3500 tana ɗaukar hoto kusan 1,550 da caji ɗaya. ZV-E10 kuwa 440. Dalili shi ne mirrorless sensa da sikirin ɗinta a kunne suke muddin kana leƙawa, ita kuwa DSLR madubi ba ya shan wuta. A garin da za a ɗauke wuta tun safe, ka je kamu da yamma ka zarce dina, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

2. Ƙura. Duk wanda yake buɗe waya lokacin hunturu ya san abin da nake nufi. Yawancin ƙananan mirrorless da ka cire lens sensa ne yake kallon ka tsirara. A DSLR madubi da labulen shota suna gabansa. Ba wai ƙura ba ta shiga ba ne, amma ba ta samun hanya a buɗe haka.

3. Lens mai araha. Bakin lens ɗin Canon EF tun 1987 ake yin sa, na Nikon F tun 1959. Ka ga kenan na hannu sun cika duniya. Wanda nake ba kowa shawara ya fara da shi shi ne 50mm f/1.8. Lens ɗin 18-55mm da yake zuwa da kyamara, idan ka ja shi zuwa ƙarshe f/5.6 yake komawa. Shi kuwa f/1.8 hasken da yake shigarwa ya kusa ninki 10 na wancan. Shi ne kuma yake narkar da bayan mutum, irin abin nan da wayarka take kwaikwaya har ta cinye gefen ɗankwali.

4. Kayan gyara. Wannan a sana'ata na koye shi. Wayar da ta yi yawa a hannun mutane ita ce ake samun sikirin ɗinta da batirinta cikin sauƙi, ko a ciro daga wata matacciya. Haka kyamara. Irin su Canon 600D da 700D da Nikon D3200 zuwa D3500 an sayar da su da yawa, don haka batir da caja da murfi ba sa wahalar samu.

INDA MIRRORLESS TA YI GABA

Gaskiya ɗaya ce, a bidiyo ba a haɗa su. D3500 ba ta yin 4K, ba ta da ramin makirfo, sikirin ɗinta ba ya juyawa, kuma idan mutum yana motsi fokas ɗinta sai ya riƙa kai da kawo. R50 da ZV-E10 kuwa suna 4K, suna kama idon mutum su bi shi, sikirin yana juyowa ka ga kanka, za ka sa makirfo, kuma ana cajin su ta USB-C. Ga wanda ya saba da waya ma sun fi sauƙin koyo, tunda hasken da ka gani a sikirin shi zai fito a hoto. Don haka mai shirin YouTube, ko gajerun finafinai, ko ɗaukar wa'azi da taro, kar ka wahalar da kanka, mirrorless ce taka. Sai dai ka sani 4K yana cin memori, yana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma ƙananan kyamarori suna ɗaukar zafi idan an daɗe ana yi, balle a zafinmu na watan Afrilu.

Wani zai ce: "Ai an daina yayin DSLR." Haka ne, tun 2020 Canon da Nikon ba su sake fito da sabon samfurin DSLR ba, hankalinsu ya koma kan mirrorless. Amma kamfani ya daina ƙera abu ba ya hana wanda yake hannunka aiki. Kuma lens ɗin da ka saya ba asara ba ne. Ran da Allah ya buɗa maka ka koma mirrorless, na Canon EF zai hau R50 da adafta, na Nikon AF-S zai hau jerin Z da adaftar FTZ. Kyamara ake canjawa, lens yana nan.

Hattara da tarko ɗaya: Canon M50 mirrorless ce mai kyau kuma tana araha a hannu, amma an rufe layinta, kuma lens ɗinta na EF-M ba ya hawa sababbin R ko da adafta.

IDAN ZA KA SAYI TA HANNU, DUBA WAƊANNAN

- Adadin hoton da ta taɓa ɗauka. Shotar ƙananan DSLR ana ƙiyasta mata kusan 100,000. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, yawancin Canon kuwa sai an jona ta da kwamfuta. Wadda ta yi 20,000 da wadda ta yi 90,000 ba kuɗinsu ɗaya ba.
- Sa ta a f/22 ka ɗauki farin bango, ka zuƙo hoton. Duk ɗigon ƙura ko ƙarzuwa a sensa zai fito.
- Cire lens ka haska cikinsa da tocilan ɗin waya. Idan ka ga abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, ajiye shi.
- Nikon jerin D3000 da D5000 ba su da injin fokas a jikinsu. Ka nemi 50mm f/1.8G mai rubutun AF-S. Idan ka sayi f/1.8D, da hannu za ka riƙa murɗawa.
- Leƙa wurin ɗora filash. Wasu kamar Canon 4000D da 250D ba su da babban ɗigon ƙarfen nan na tsakiya, don haka filash mai araha da yawa ba ya tashi a kansu. Gwada naka a gaban mai kaya.
- Duba kan sukurori. Idan sun cinye, an taɓa buɗe ta. Batir kuma idan ya kumbura, a canja.
- Karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamarar. Mu 'yan kasuwar waya mun ga yadda kayan sata suke kai mai gaskiya ofishin 'yan sanda.

KO MA KANA BUƘATAR TA?

Hajiya mai sayar da atamfa da turare a status, ko kai mai TikTok don nishaɗi, ku riƙe wayoyinku. WhatsApp matse hoto yake yi, rabin kyan kyamarar a hanya zai zube. Fitila mai kyau da makirfo da ɗan abin kafa waya sun fi muku amfani.

Shi kuma mai son sana'ar da gaske, kafin ka miƙa kuɗi ɗauki biro ka rubuta abu biyar: kyamara, lens mai f/1.8, filash, batir biyu, memori biyu. Ka tambayo farashinsu a ranar, tunda dala ba ta zama wuri ɗaya. Idan kuɗinka sun isa duka biyar ɗin da mirrorless, bismillah, saye ta. Idan sai da DSLR za su isa, to ita ce taka, kuma kar ka ji kunyar rataya ta. Kwastoma hoto zai karɓa, ba shekarar da aka ƙera kyamara ba.

Shi wancan ƙanin namu ya sake shiga wani adashin don lens da batir na biyu, bukukuwan bana dai sun wuce shi. Kar ka bari naka ya zama haka.

A rubutu na gaba insha Allahu za mu ga yadda ake kwaso hotuna daga kyamara zuwa waya da OTG ba tare da sun rage kyau ba. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, zan amsa da dare bayan na rufe shago. Allah ya sa albarka a nemanmu, amin.