KADA MU BAR YARANMU SU ZAƁI HANYA A MAKANCE



Zamanin mulkin Faransa ɗan lakkol ba shi da zaɓi. In ya yi sa'a ya zama mushe, ko magatakardan kwamanda, ko mai taimakon likita. A 1960, da muka karɓi mulkin kai, babu jami'a ko ɗaya a Nijar, sai a tafi Dakar ko Faransa. Sai a 1971 aka buɗe ta Yamai. Yau ga jami'a a Maraɗi, Damagaram da Tawa, an ƙara da Agadas, Diffa, Doso da Tilaberi a 2014. Ƙofofi sun buɗe, amma har yanzu burinmu na zamanin kwamanda ne: yaro ya samu buro da tebur. Shi ya sa za ka ga mai takardar jami'a zaune a fada yana shan shayi, ubansa kuwa ya sayar da bijimi don karatun nan.

Ku lura da kyau. Ba ranar da aka ci bak ake zaɓen hanya ba. Tun a ajin ƙarshe na kolej ne, in an ci BEPC ana rarraba yara. Wanda ya shiga sashen A, na adabi da harsuna, hanyarsa shari'a ce, ko koyarwa, ko aikin jarida. Mai son likitanci, ko aikin injiniya, ko ilimin noma, sai ya bi C ko D, inda ake lissafi da kimiyya. Yaro nawa ne ya guje ma lissafi don tsoro, ko don bin aboki, bayan shekara 3 ya tarar ƙofar da yake so a rufe? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku duba ƙasar kuma. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Matatar man Damagaram tana aiki tun 2011. Albasar Galmi tana kaiwa har Abijan da Akara. Wa zai riƙe waɗannan in ba 'ya'yanmu ba? Ga makarantar EMIG a Yamai ta ma'adinai da masana'antu, ga ta Kollo mai horar da malaman gona, ga lisen fasaha a Maraɗi. Ba wurin waɗanda suka kāsa ba ne, kamar yadda wasu ke faɗi.

Ba mu ce a tilasta ma kowa ba. Ƙasa tana bukatar alƙali da mushe kamar yadda take bukatar ungozoma. Abin da muke ƙi shi ne zaɓen makanta.

Saboda haka ga aikin kowane reshe kafin jarrabawar bana:

1. Ku tara 'yan ajin ƙarshe na kolej da iyayensu. Ku gayyato likita, malamin gona, makaniki da ungozoma, kowa ya faɗi shekara nawa ya yi karatu, nawa aka kashe, kuma yaya aikin yake.

2. Uba ya je lakkol da ƙafarsa, ya tambayi mushe inda ɗansa ya fi ƙarfi. Rashin jin Faransanci ba hujja ba ne, reshe ya haɗa shi da mai fassara.

3. A faɗa ma yaro gaskiyar aljihu. Lisans shekara 3 ne, likitanci ya fi ninki biyu na wannan.

4. A zo da 'yan mata taron, a ji ta bakinsu.

Sakatarorin rassa su aiko mana da sunan gari da ranar da aka tsayar.