Shaula a Saman Nima

Jama'a, daren da aka ɗauke wuta a Nima ko Maamobi cikin watan Agusta, ku bar tsine wa dumsor, wato ɗaukewar wutar, ku ɗaga kai ta kudu, wajen teku. A ƙarshen wutsiyar jerin taurarin da ake kira Kunama za ku ga taurari biyu manne da juna, farare masu ratsin shuɗi, ɗaya ya fi ɗan'uwansa haske. Malaman hisabi suna ɗaya suke kiransu da shi, Shaula, ta 19 cikin manzilolin wata 28. A 2016 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta bar wa babban wannan suna, ƙaramin kuwa ta tabbatar masa da Lesath. Wannan tsari ne na masu bincike, ba laifi. Ni dai ina tare da malamanmu, domin da irin wannan lissafi kakanninmu fatake suka san shigowar sanyi da damina a hanyar Kano zuwa Salaga. Abin kunya ne yaron Zango ya haddace 'yan wasan Black Stars kaf, amma bai san tauraro ko ɗaya na sama ba. Malaman makarantun allo, ku fito da yara waje ku nuna musu.