Wasiƙa ga masu wanke motocin kwana: a san jikin motar kafin a buɗe jarka

Zuwa ga masu sana'ar wanke motocin kwana da karaban a Ingila, Jamus, Holand da sauran ƙasashen Turai,

Wannan wasiƙa a kan abu guda take, wato ruwan wankin da ake zubawa a bokiti.

Da zarar sanyin hunturu ya ja da baya, wajen watan Maris zuwa Afrilu, sai masu motocin kwana su fara fito da su daga inda suka yi wata huɗu ko biyar a ajiye. Rufi ya yi kore shar da gansakuka, baƙaƙen layuka sun gangaro daga saman kowace taga, ciki kuma yana warin rufi. Aiki ne mai yawa, domin a Jamus kaɗai motocin da ake kwana a cikinsu sun haura 800,000 tun a 2023, ban da karaban, wato ɗakin da ake ɗaura wa mota ta ja. Mai wanki da ya saba da tasi da manyan motocin kaya yakan ga wannan datti ya miƙa hannu ga jarkar da ya sani, wadda ke narkar da komai cikin minti biyu. A nan ɓarna take farawa, kuma mugun abin shi ne ba ta bayyana a ranar. Mai mota zai biya, ya yi godiya, ya tafi da abarsa tana ƙyalli. Sai bayan makonni ko watanni abin ya fito fili.

Motar hawa ƙarfe ce da fenti da aka gasa da gilashi. Motar kwana kuwa kanta kaɗai ne haka, galibi kan Fiat Ducato ko makamancinsa. Daga bayan direba zuwa ƙarshe bango ne da aka haɗa hawa-hawa: siririn alminiyon ko faibagilas a waje, soso mai tare sanyi a tsakiya, falankin katako mara nauyi a ciki, duk an manne da gam. An yi haka ne don kada motar ta wuce tan 3.5 da lasisin tuƙi na gama-gari ya yarda da shi. Ko Hymer ce ta Bad Waldsee, ko Swift ta kusa da Hull, ko Bailey ta Bristol, mai wanki yana gaban abubuwa shida ko bakwai ne mabambanta, kuma abin da ya dace da ɗaya yana iya cinye na kusa da shi.

Taga ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Tagogin ɗakin motar kwana da na karaban, irin waɗanda Seitz na kamfanin Dometic da Polyplastic na Rotterdam ke yi, filastik ne da ake kira akirilik, mai ruɓi biyu. Ido yana ganinsa kamar gilashi, amma in aka ƙwanƙwasa da farce za a ji sautinsa a dushe. Ruwan goge gilashi na feshi da ake sayarwa a kanti yawanci yana ɗauke da sifirit ko amoniya, kuma akirilik ba ya shiri da su. Tun daga masana'anta, wurin lanƙwasa shi da huda shi, akwai ɗaurewa a jikinsa, sai sinadarin ya bi ta nan ya buɗe ƙananan tsagu. Wanda ya taɓa duban irin wannan taga da hantsi ya san kamanninta: daga gefen marfi ko kusa da maƙalli, dubban siraran layuka farare sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, suna walƙiya in rana ta haske su. A shafa da yatsa, sumul. Tsagun a cikin filastik ɗin suke, don haka babu folish ɗin da zai fitar da su, sai dai a sayi sabuwar taga, kuma kuɗinta ya ninka ladan wankin sau da yawa. Haka tagar rufi ta Heki take, ita ma akirilik ce.

Abin da taga ke so kaɗan ne. A fara kwarara mata ruwa mai yawa ya sauke ƙura, domin gogar busasshiyar taga da tsumma karce ne. Sannan ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun mota mai sauƙi, da tsumman maikurofaiba da ba a taɓa kai shi kan taya ko ƙasan mota ba. In akwai ƙananan karce, kamfanonin tagar da kansu suna sayar da folish na akirilik. Tina, asiton, fetur da kananzir kada ma su kusanci wurin, ko da don cire gam ɗin tsohuwar sitika ne.

Sai baƙaƙen layukan nan, waɗanda su ne ke sa mai wanki ya rasa haƙuri. Asalinsu daga sama ne: ƙura da hayaƙin hanya da ɗan abin da ke fita daga robobi da gam suna taruwa a rufi, ruwan sama ya gangaro da su ta gefen taga da fitila. Maganin da aka fi kai wa hannu shi ne wanda ake kira TFR a Ingila, ruwan da aka yi don cire dattin hanya daga jikin tirela. Iri biyu ne, mai kostik soda da marar ita. Mai sodar yana aiki nan take, shi ya sa ake son sa. Amma soda tana cin alminiyon, tana dusar da sandunan gefen rufi da na rumfa har su yi fari-fari, tana kwashe kakin da ke kare fenti, tana koɗar da sitikar ado, kuma in ta bushe a jikin bango da rana takan bar tabon da ba ya fita. Jikin faibagilas da ya sha irin wannan wanki yakan koma gari-gari, a shafa a ga fari a tafin hannu, daga nan kuma datti ya fi kama shi fiye da da. Mai motar zai dawo da wuri, gaskiya ne, amma da motar da ta tsufa kafin lokacinta.

Akwai sabulai da aka yi musamman don wannan aiki, irin na Fenwick's da Autoglym a Ingila, da ruwan cire baƙin layi da ake ɗiga wa tsumma a goge wurin kaɗai. Wannan wasiƙa ba tallar kowa take yi ba, kuma suna a jikin gora bai isa hujja ba. Hujja tana cikin takardar bayanin lafiya da doka ta wajabta wa mai sayar da sinadari ya bai wa ɗan sana'a in ya nema. Sashe 16 gare ta. Sashe na 3 yana faɗin abin da ke ciki, sashe na 9 kuma yana ba da ma'aunin pH, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7. Abin da ke kusa da 7 shi ne na wankin yau da kullum. Wanda ya kai 12 ko 13 na gidan tirela ne. In kuma a jikin jarka akwai jan murabba'in nan da hoton ruwa yana ɗiga yana cin hannu da ƙarfe, to an riga an faɗa wa mai wanki abin da zai yi wa alminiyon. Karatun minti biyar ne, sau ɗaya ga kowace sabuwar jarka.

Wanda ya koyi sana'ar a gida, inda omo da soso da bokiti suka wadatar, yana da hannu da juriya da ake nema ko'ina, amma omo ba na wannan jiki ba ne. Haka ma sabulun wanke kwanuka, wanda aka yi shi don ya narkar da maiƙo, saboda haka yana tafiya da kakin mota, ga shi kuma sau da yawa ana kaurara shi da gishiri. Farin soson nan na melamin da ake ce wa mai sihiri shi ma karta yake yi a hankali, yana kashe ƙyallin fenti.

Injin feshin ruwa mai ƙarfi ba sinadari ba ne, amma ba a raba shi da wannan magana. Duk inda bango ya haɗu da rufi, duk bakin taga da ƙofa da akwatin kaya, gam ne da roba suka tare ruwa. Danshi shi ne babban ciwon karaban: in ruwa ya shiga bango ba ya fita, sai katako ya ruɓe daga ciki. Shi ya sa masu ƙera su ke ba da garantin shigar ruwa na shekaru, bisa sharaɗin a kai motar a auna danshinta kowace shekara. Bakin inji da aka kafa kusa da gam yana iya ɗaga shi cikin daƙiƙa, kuma ruwan da aka harba cikin ramukan iskar firji ko bututun hayaƙin hita yana isa inda bai kamata ba. Tiyo na lambu da doguwar buroshi mai laushi sun isa. A fara daga rufi, a kan tsani mai ƙarfi, domin motar takan kai mita 3 a tsaye kuma ba kowane rufi ne ke ɗaukar mutum ba. In motar ta Amurka ce, a duba da kyau, da yawansu rufin roba ne na EPDM ko TPO, wanda duk abin da aka yi da man fetur ko man ɓawon lemo ke kumbura shi.

Ciki kuma akwai bayi, inda aka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Masan motar kwana filastik ne, a ƙarƙashinsa akwai tankin da ake zarowa ta waje, irin na Thetford ko Dometic. Tsakanin masai da tanki akwai wani faifai mai zamewa da zoben baƙar roba da ke riƙe ruwa da wari. Bilic da sabulun bayi na gida suna busar da wannan zobe. Lafiyayyensa laushi gare shi da santsi, wanda ya sha bilic kuwa yakan taurare, bakinsa ya yi ƙananan tsagu, faifan ya fara cijewa, sai wari ya cika ɗaki. Thetford da kanta ta ce a shafa masa man silikon ko man zaitun, ban da basilin, ban da sauran man girki. Ruwan da ake zubawa a tanki shuɗi ne ko kore, mai ruwan hoda kuma na tankin kora ne. Koren shi ne wanda aka yi don wuraren zango masu ramin masai da ke dogara da ƙwayoyin halitta, kuma akwai wuraren da ba sa karɓar wani sai shi. Tsofaffin shuɗayen ruwa suna da fomalin, wanda jihar Kalifoniya ta haramta sayar da shi don wannan aiki daga farkon 2022. Tiren wanka da kwamin wanke hannu su ma filastik ne siriri, man goge-goge mai yashi yana karce su, sinadari mai zafi yana sa su tsage.

Tankin ruwan sha ya fi kowane wuri nauyi a wuyan mai wanki, tunda abin da ya zuba a ciki iyali ne za su sha. Ruwan da ya kwana watanni a tanki da tiyo yana yin yauƙi, kuma ƙwayar Legionella tana yaɗuwa a ɗumin da ke tsakanin digiri 20 da 45. Mutane da yawa kan zuba ruwan kulorin na wanke kwalbar jarirai. Matsalar ita ce tukunyar ɗumama ruwa, wadda a motocin Turai galibi ta kamfanin Truma ce kuma da baƙin ƙarfe marar tsatsa aka yi ta. Kulorin yana cin irin wannan ƙarfe, kuma littafin Truma ya hana amfani da shi, ya ce a riƙa ɗumama ruwan zuwa digiri 70 lokaci-lokaci. A nemi maganin da aka rubuta ƙarara cewa na tankin ruwan sha ne kuma bai cutar da tukunya, a bi awon da aka faɗa, a ɗauraye har sai ɗanɗano ya tafi. Farin dutsen da ruwa ke bari kuma sinadarin tsamin lemo yana cire shi.

A nan akwai batun ran mai wankin kansa. Bilic in ya haɗu da abu mai tsami, kamar ruwan cire dutsen nan ko binega, iskar kulorin yake fitarwa. In ya haɗu da amoniya, wata gubar ce daban. Bayin motar kwana bai fi mutum ɗaya ya juya a cikinsa ba, kuma ma'aikaci yana durƙushe ne fuskarsa dab da wurin. Kada a haɗa ruwa biyu, kada a juye sinadari a gorar da babu suna, a buɗe ƙofa da tagar rufi kafin a fara, a sa safar hannu. Wasu ruwan wanke ƙafar mota masu tsami suna ɗauke da haidurofulorik asid, wanda ke ratsa fata ba tare da zafi nan take ba, kuma babu dalilin ajiye shi a wannan sana'a.

Kabad da tebur falanki ne da aka lulluɓe da siririyar takarda ko leda mai zanen katako, tsumma mai ɗan laima ya ishe su, ruwa in ya yi yawa gefensu ke ɗagowa. Rumfar yadi kuma ruwa zalla da buroshi mai laushi take so, domin sabulu yana kashe maganin da ke hana ta yoyo. A bar ta ta bushe sarai kafin a naɗe, in ba haka ba funfuna ce za ta tarbi mai ita a tafiya ta gaba.

Saura inda ruwan wankin yake zuwa. A Ingila ruwan da ɗan kasuwa ya wanke mota da shi ana lissafa shi cikin ruwan dattin sana'a, ba a yarda ya bi magudanar ruwan sama da ke zuwa rafi ba. A Jamus garuruwa da yawa sun hana wanke mota a bakin titi ko a kan ƙasar da ba a daɓe ba. Rubutun da ke cewa sabulu yana narkewa da kansa bai ɗage wannan doka ba, saboda ruwan yana tafe da mai da dattin hanya.

Kafin a jiƙa ko'ina, yana da kyau mai wanki ya zagaya motar tare da mai ita, ya nuna masa tagar da ta riga ta tsage da gam ɗin da ya ɗago, ya ɗauki hoto da waya, ya tambaye shi ko an yi wa fentin wani rufi na musamman da ke da nasa sabulun. Sabon ruwa kuma a gwada shi a ƙasan bangon baya, inda ido ba ya kaiwa, a jira ya bushe a gani. Littafin motar yawanci yana cikin aljihun gaba ko kabad na saman ƙofa, kuma shafin kula da jiki da tagogi bai fi biyu ko uku ba.