Kurus kwantirol ba direba ba ne, ku daina yaudarar kanku

Jama'a, yau sai kun yi haƙuri da ni. Jiya wani ya kawo min waya gyara, muna hira ya nuna min bidiyon da ya ɗauka a hanyar Yauri zuwa Kontagora: ya naɗe ƙafafu a kan kujera, waya a hannu, mota na gudu, yana cewa "ga mota tana tuƙa kanta." Wallahi raina ya ɓaci.

Malam, motarka ba ta tuƙa kanta. Kurus kwantirol aiki ɗaya yake yi: ya riƙe maka totur a gudun da ka saita. Shi ke nan. Wanda ke cikin tsofaffin Camry da Corolla ɗinmu ba ya ganin rami, ba ya ganin saniya, ba ya juya sitiyari, ba ya taka birki don yaro ya shigo titi. Tun 1958 aka fara sa shi a motocin Chrysler a Amurka, don dogayen tituna masu faɗi. Ko sababbin motoci masu na'urar rada da ke rage gudu idan sun hango mota a gaba, masu ƙera su sun ce direba ya tsaya a kan aikinsa.

Ku yi lissafi. A gudun kilomita 100 a awa, mota na cin kusan mita 28 duk daƙiƙa. Ka duba WhatsApp na daƙiƙa 3, ka wuce mita 80 ido rufe. Ƙafarka kuma tana kan kujera. Kafin ka sauko da ita ka lalubo birki, ina ɗan acaɓan da ya ɓullo daga gona?

Wasu za su ce yana hutar da ƙafa, yana rage shan mai. Ban musa ba. Amma ga sharaɗi:

1. Titi miƙaƙƙe, busasshe, babu cunkoso. Ka kai gudun da kake so, ka danna SET.
2. Ƙafar dama ta zauna kusa da birki. Taɓa birki ko danna CANCEL yana kashe shi nan take.
3. Kar ka danna RES sai gaba ta buɗe, domin motar za ta zabura ta koma tsohon gudunta.
4. Da damina, idan titi ya jiƙe, kashe shi. Taya na iya sulɓewa a kan ruwa.
5. Cikin gari, ranar kasuwar Warra, kan kwana, da dare ko kana jin barci: kar ka ma kunna.

Allon waya idan ya fashe, kawo min, in canza maka. Ɗan mutane da ka take fa, wa zai canza wa uwarsa shi?

Wanda ya san mai irin wannan bidiyon, don Allah ya tura masa. Allah Ya tsare mu a hanya.