A Nuna Musu Hanyar Kasuwa

Ya 'yan'uwa Musulmi, sanin kowa ne hare-haren ɓarayin dajin Rugu, musamman a 2019 da 2020, sun raba magidanta da yawa na Batsari da Safana da shanunsu da gonakinsu. Wanda jiya yake fid da zakka, ga shi ya koma jiran a ba shi.

To, a tuna da Sahabi Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya yarda da shi. Ya isa Madina a shekarar Hijira, 622 Miladiyya, hannu wofi. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi godiya, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Da cuku da man shanu ya fara, har ya shiga sahun manyan attajiran Sahabbai.

Saboda haka attajiri ko ma'aikacin gwamnati mai ɗan rarar albashi, ga ƙofar ƙirali a buɗe, kamar yadda Risala ta bayyana. Ka ba ɗan'uwanka jari, tsabar kuɗi, ya sari rogo ko dankali a kasuwar Batsari. Ku yanke rabon riba tun farko, rabi ko sulusi. In aka faɗi ba da sakacinsa ba, asarar kuɗi taka ce, shi wahalarsa ce ta tafi.

Kai kuma mai karɓa, kada ka kama rumfa tun ciniki bai kankama ba. Juya kaɗan, rubuta shiga da fita, ka ci daga riba, ka bar uwar kuɗi.

Allah Ya sa albarka cikin nemanmu, amin.